Tantin Leda na Tuda

A duk ƙauyukan kwarinmu babu macen da ta kai Tuda iya saƙar tanti, babu kuma wadda ta kai ta taurin kai. Na farkon kowa ya yarda da shi. Na biyun ita kaɗai ke musu, kuma da taurin kan take musun.

A cikin baƙin tanti na gashin awaki aka haife ta, can saman dutse a makiyayar Tamda. Tun ba ta kai tsawon akuya ba take kaɗa zare a gefen uwarta. Da ta isa aure ita ta zaɓi Bassu da bakinta, wani dogon mai alfadarai da ke ɗaukar wa Turawa masu hawan dutse kaya, ga son waƙa ga rashin murya. Ranar da za ta tare, uwarta ta farke falle ɗaya daga nata tantin, mai jan zare a tsakiya, ta ba ta. Haka muke yi. Tanti komai girmansa, in babu fallen tantin uwa a jikinsa, ba ma kiran sa gida, inuwa ce kawai. Kowace shekara Tuda takan saƙa sabon falle ta saka a tsakiya, ta cire wanda ya fi tsufa a gefe. Shekara arba'in da ɗaya tana haka, amma mai jan zaren nan ba ta taɓa cire shi ba, sai dai faci kan faci.

Makiyayar Tamda tafiyar kwana uku ce daga ƙauye, kuma tana da doka. Daga narkewar dusar ƙanƙara har ciyawa ta zubar da iri, ba a shiga da dabba, ba a kafa turke. Ranar buɗewa kowa ya bi ta mashigin dutse da safe, ya kafa tanti a gurbin gidansu. Kafin rana ta faɗi Amgar, dattijon da aka zaɓa ya riƙe dokar, zai bi tanti-tanti, ya shiga, ya sami maigidan a ciki, ya sha shayi kofi ɗaya. Wanda bai samu a ƙarƙashin nasa tantin ba ya rasa gurbinsa, ya koma hannun ɗan'uwansa mafi kusa. Wanda ya samu a tantin wani kuwa, an lissafa shi cikin iyalin wannan tantin ke nan. Ɗa ba ya tsaya wa uba matuƙar uban yana numfashi, don haka Yidir, ɗansu ɗaya tilo da ke aikin gonar tumatir a Agadir, zuwansa da rashinsa duk ɗaya.

Gurbin Bassu shi ne na bakin idon ruwa, ga wani ƙaton dutse ya tare masa iska. Na ƙaninsa Addi yana can kan gangare, inda iska ke kwance rawani, kuma sai mata sun yi tafiyar rabin awa kafin su ɗebo ruwa. Addi ba mugu ba ne, kada a yi masa sharri. Mutum ne mai tumaki ɗari uku da ke kallon ruwan da awaki goma sha tara ke sha, kuma duk wanda ya ce ba zai yi kwaɗayi ba, bai taɓa ɗaukar tulu a gangaren nan ba.

A kakar bara waccan Bassu ya faɗi a bakin ƙofa yana ɗaure wa alfadara kaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Asibiti ya cinye alfadarai biyu, aka bar su da tsohuwar guda ɗaya. To baƙin tanti da sandunansa kayan alfadarai biyu ne, sannan sai mata huɗu sun taru kafin ya tsaya. Alfadara ɗaya ko dai ta ɗauki Bassu, ko ta ɗauki rabin tanti. Aro kuwa babu, don ranar hawa ko jakin da ke ɗingishi an yi masa lodi.

Saura wata guda a buɗe makiyaya Addi ya zo gaishe da yayansa, da curin sukari a hannu. Ya zauna, ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye kan farashin sha'ir, sannan ya sauko.

"Matar Yaya, bana ai sai ku hau tare da mu. Tantina da faɗi. A yi wa Yaya shimfiɗa can ciki, ke ma ki huta."

"Allah sarki. Amgar ya zo ya same shi a shimfiɗarka ke nan?"

"Wa ke maganar Amgar? Lafiyar mutum ake magana."

"To ara mini alfadarai biyu, lafiyarsa ta ƙaru."

Addi ya sosa gemu. "Kin san yadda ranar take. Ko tukunyar matata a ka za a ɗauka."

"Na sani. Na kuma san hanyar idon ruwa ta fi ta gangare daɗin tafiya. Sha shayinka, ɗan ƙanina, kada ya huce."

Bassu yana jingine da bango yana jin su. Ya yi wani gurnani a maƙogwaro, ya juya fuskarsa gefe. Tuda ta ga haka, abin ya soke ta har cikin ƙirji, don mutumin nan a da shi ke shiga mashigin dutse a gaban kowa, yana rera waƙarsa mai korar tsuntsaye. Bayan Addi ya fita ta tsuguna gabansa ta ce, "Mai alfadara, kana son hawa ko ba ka so? In ba ka so, na haƙura yau ɗin nan." Ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya buga ƙasa sau ɗaya, da ƙarfi. Tun da ya kwanta haka suke magana: bugu ɗaya e, bugu da yawa a'a.

Ranar Laraba ta bar shi a hannun maƙwabciyarta Hadda, ta naɗe dardumar da ta saƙa da sanyin shekarar, ta hau motar kasuwa zuwa Bumalin. A bayan rumfunan mahauta akwai shagon Zayid, tsohon ɗan jagoran Turawa wanda gwiwa ta sauko da shi daga dutse. Duk abin da masu hawa suka bari in za su koma ƙasarsu, takalma ne, jakunkuna ne, tantuna ne, a shagonsa yake ƙarewa.

"Lalla Tuda! Ɓatan hanya kika yi?" in ji shi, da laƙabin da muke girmama mace da shi.

"Tanti nake so. Irin na mutanenka, wanda ake goyawa."

Zayid ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga ba ta taya shi ba, ya haɗiye sauran, ya shiga jawo kaya. Na farko da ya buɗe mata na mutum ɗaya ne, siriri, dogo. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ai likkafani ne, mayar." Ya kawo na mutum huɗu, ta ɗaga ta jinjina, ta ce ita ba alfadara ba ce. Ya kawo wani mai launin shuɗi da ake jefawa sama ya buɗe da kansa, mutanen kasuwa suka fara taruwa suna tafi. Tuda ta ɗaga ƙyallen ta dubi rana ta cikinsa, ta ja ɗinkin da yatsu biyu har zare ya yi murmushi, ta ce abin wasan yara ne, iskar Tamda za ta kai shi Aljeriya kafin a gama sallama.

Can ƙasan tari ya zaro wani ruwan lemo, ya ɗan koɗe. Riga biyu gare shi: ta ciki mai raga, da ta waje mai santsi da ake rufawa a kai. Sanduna biyu na farin ƙarfe mara nauyi, gaɓa-gaɓa, da roba a ciki tana haɗa su. Ƙasansa ya ɗago ta gefe kamar kwano, yadda ruwan da ke gudu a ƙasa ba zai shiga ba. Abin da ya ja hankalinta shi ne ƙofa biyu, ɗaya kowane gefe.

"Me ya sa biyu?"

"Don kada na wannan gefen ya tsallake na wancan in zai fita."

Ta hango kanta tana jawo Bassu ta ƙofa ɗaya, ta zagaya ta gyara masa ƙafa ta ɗayar. Ta sa Zayid ya kafa shi a tsakiyar hanya, ta auna tsawonsa da kamu, don ta san tsawon mijinta kamu nawa ne tun shekarar da ta fara saƙa masa alkyabba. Ya isa, har da ragowar tafin hannu. Ta cire takalmi ta shiga ta kwanta, ta sa aka kawo buhun sha'ir aka ajiye a gefenta a madadin Bassu, ta juya dama, ta juya hagu, ido na ganin ido, 'yan kasuwa na ta shewa. Ko a jikinta. Ta fito ta karɓi butar alwalar Zayid ta juye a kan rigar wajen, ruwan ya gangare bai bar ko laima ba. Ta ja zif ɗin sau goma. Daga nan ta naɗe shi ta wuce rumfar mahauci ta ɗora a sikelinsa: kilo biyu da ɗan ɗoriya, bai kai cinyar rago ba.

Ta ajiye masa dardumar ta ɗauki tantin. Zayid ya biyo ta har bakin hanya.

"Lalla, abu biyu. Kada wuta ta shiga cikinsa, ko garwashi ɗaya, narkewa yake. Sannan kada allura ta taɓa rigar wajen nan. Kin ga ɗinkinsa, duk an manne bayansa da leda. Huda ɗaya..."

"Zayid, ina ɗinka tanti tun ba a yaye ka ba."

"Na sani, Lalla, amma wannan..."

"Gaishe da gwiwarka."

A tsakar gida ta koyi kafa shi, kuma malaminta Bassu ne. Shekara talatin yana kafa wa Turawa irinsa, ita ba ta taɓa tambayarsa ko sau ɗaya ba, don a lokacin raina su take. Yanzu yana zaune a kan buzu, in ta gicciya sandunan ba daidai ba ya yi ta buga ƙasa, in ta yi daidai ya buga sau ɗaya. Shi ya nuna mata da kan sanda cewa ƙuntataccen gefen ake juya wa iska, cewa rigar waje ba ta taɓa ta ciki, cewa inda ƙasa ta ƙi turke a ɗaura igiyar a ƙaramin dutse a danne da babba. Rana ta uku ta kafa shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Rabon da ta ga idon mutumin nan da haske haka, tun kafin ya faɗi.

Labari kuwa ya riga ya gama ƙauye. Mata suna leƙe ta katanga, wata ta ce Tuda ta sayo wa mijinta akurki. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Addi ya tayar da maganar a gaban Amgar Ishu, wani ƙaton dattijo mai rawani kamar gammo, wanda ba a taɓa ganin ya sunkuya wa ƙofa ba. Addi ya ce shi ba don kansa yake faɗa ba, amma in aka yarda leda ta zama gida, gobe wani zai kifa laima ya ce gurbi nasa ne. Amgar ya yi tunani ya ce doka ba ta faɗi launi ba, ba ta faɗi girma ba. Abu ɗaya ta faɗa: tantin da ba shi da uwa ba a lissafa shi.

Hadda ce ta kawo wa Tuda maganar. Tuda ta miƙe. Ta shiga ɗakin ajiya ta jawo baƙin tantin da ƙyar, ta warware shi a tsakar gida, warin hayaƙin shekara arba'in ya tashi. Ta nemo fallen nan mai jan zare, ta kawo wuƙa. Ta yi hawaye, gaskiya ce, don hannun uwarta ne a wannan saƙar kuma ba za a sake samun wani ba. Amma ta yanka. Ta ciro tsawon kamu huɗu, faɗin tafin hannu, ta shimfiɗa shi a kan ƙoƙuwar rigar wajen daga wannan kai zuwa wancan, ta zare basillarta da zaren gashi.

Nan Bassu ya fara buga ƙasa. Bugu ba ƙaƙƙautawa, yana gurnani, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Na sani, na sani," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ni ma ba daɗi na ji ba. Amma uwar tawa ce ba taka ba, bar ni da abina."

Ya ci gaba da bugu har sandar ta suɓuce masa. Ita ta ɗauka yankan tantin ne ya ɓata masa rai. Maganar Zayid ta faɗo mata, ta watsar, don abin da ta sani tun tana yarinya shi ne ramin allura ba ya yoyo: ruwa na sauka gashin akuya zai kumbura ya toshe kowace kafa. Haka tantin uwarta ya yi, haka nata ya yi. Ta yi ɗinki mai kyau, layi biyu, ƙanana, a jere kamar haƙoran yaro. Wanda ya fi kowa sanin abu, shi ya fi wuyar gaya wa, kuma a ƙauyenmu babu wanda ya isa ya koya wa Tuda ɗinki.

Suka hau. Bassu a kan alfadara, an ɗaure shi da majanyi a tsakanin buhun gari da bargo. Tuda a ƙasa, tanti goye a baya, sanda a hannu, awaki goma sha tara da kare a biye. Kwana biyu a hanya sama tas, tantin ya yi musu rana yadda ya kamata. Safiyar buɗewa suka iske jama'a cunkus a mashigin dutse, tumaki na kuka, alfadarai na nishi a ƙarƙashin baƙaƙen tantuna. Aka yi addu'a, Amgar ya ɗaga hannu, aka kwarara.

Ciyawar Tamda ta kai gwiwa. Tuda ta isa bakin idon ruwa, ta sauke Bassu a inuwar dutse, ta share gurbin, ta kafa tantinta ta danne igiyoyin da duwatsu. Sauran mata ko sandar tsakiya ba su tayar ba ita har ta jawo mijinta ciki ta gyara masa matashi. Ɗan abu ruwan lemo da baƙin layi a ka, a tsakiyar baƙaƙen tantuna arba'in. Matar Addi da ta sauko ɗiban ruwa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Yaya Tuda, in kaza ta yi ƙwai a ciki a ajiye mini biyu."

"To. In kin gama hawan gangaren ki dawo ki karɓa, ai ƙafarki ta saba."

Amgar daga can sama yake fara zagayensa, gurbin bakin ruwa shi ne na ƙarshe. Bayan azahar hadari ya haɗo ta bayan dutse, irin na Tamda da ba ya sallama. Iska ta fara, tantin ya lanƙwasa ya miƙe, ya lanƙwasa ya miƙe, bai tashi ba. Sai ƙanƙara, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tuda ta shige ta ja zif, ta zauna a gefen Bassu tana jin daɗin ranta. Ko'ina a bushe. Ta buɗe baki za ta yi masa gori ke nan, ɗigo ya faɗo a kan ƙirjinsa.

Ta ɗaga kai. Fallen ya sha ruwa ya yi nauyi, kuma kowane ramin basillarta ya zama ido yana hawaye, layi biyu, a jere, daga kansa har ƙafarsa. Gashin ya kumbura kamar yadda ta sani. Ledar ce ba ta san wannan al'adar ba. Ruwan ya taru a ragar ciki ya riƙa zubowa, mai sanyi kamar ƙanƙarar da ta kawo shi.

Ta dubi Bassu, shi ma ita yake kallo.

"Abin da kake ta buga wa ƙasa ke nan?"

Ya buga tafin hannunsa a bargo sau ɗaya.

Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda. Ta jawo farantin shayi ta riƙe a saman ƙirjinsa, ta karkata shi yana zuba a buta, ta jera kofuna da tukunya a kan ƙafafunsa, amma hannu biyu ba sa tare layi biyu. Bargon ya fara jiƙewa. Leɓen Bassu ya soma canja launi, haƙoransa na haɗuwa.

Aka ja zif daga waje. Addi ne, jiƙe sharkaf, ya gangaro a guje ba ko takalmi.

"Matar Yaya, ya isa haka! Kashe shi za ki yi? Ba ni shi, akwai wuta a tantina."

"Amgar bai zo ba."

"Amgar ɗin banza! Uwarmu ɗaya da mutumin nan. Wallahi ba don ruwa na zo ba, ki riƙe ruwanki, ni dai ba ni ɗan'uwana!"

Kuma gaskiya yake faɗa, ta gani a fuskarsa. Sai dai doka ba ta tambayar niyya. In Amgar ya sami Bassu a tantin Addi, magana ta ƙare ko Addi ya so ko bai so ba. Tuda ta dubi leɓen mijinta, ta dubi ruwan da ita da hannunta ta buɗe wa hanya, taurin kan shekara sittin ya karye.

"Ɗauke shi," in ji ta.

Addi ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa ya ja. Bassu bai taho ba. Hannunsa na hagu ya cafki sandar tantin ta cikin ƙyalle, a kusurwar da ke kusa da kansa. Addi ya sake ja, tantin duka ya biyo shi ya karkace.

"Yaya, saki! Don girman Allah saki!"

Bassu ya kafe shi da ido, irin kallon da yake yi masa tun suna yara in ya taɓa abin da ba nasa ba. Ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya ya riƙa dukan ƙasa da diddige, bugu da yawa, ba ƙaƙƙautawa. Addi ya sassauta.

Tuda ta share fuska da bayan hannu. "Ka ji amsarsa. Ni na ba ka, shi ya hana. Mayar mini da shi yadda ka same shi."

Addi ya mayar da shi, ya fita ya tuɓe alkyabbarsa ya shimfiɗa a kan ƙoƙuwar tantin don ta tare ruwan. Ɗigon ya tsaya. Bassu ya sake dukan ƙasa. Tuda ta gane, ta fita ta ɗayar ƙofar ta yaye alkyabbar ta miƙa masa.

"Ko zare ɗaya naka ba zai rufe shi ba sai Amgar ya sha shayi. In kana son taimako, je ka gaya wa tsohon nan ya ɗaga ƙafa."

Addi ya tafi da gudu. Ita ta koma ta cire mayafinta na ulu ta rufa wa Bassu, ta durƙusa a kansa ta ba ruwan bayanta, faranti a hannu, tana zaginsa ƙasa-ƙasa tana kiransa tsohon alfadari.

Amgar Ishu ya iso ruwa bai gama ɗaukewa ba, ya tsallake tantuna shida saboda su. Ya tsaya a gaban tantin da bai kai masa ƙugu ba, ya shafa baƙin fallen, ya bi jan zaren da yatsa, don ya san matar da ta saƙa shi. Ya tambayi ta ina ake shiga. Tuda ta fito ta ce, "Na mutum biyu ne, ranka ya daɗe. Ga maigida a ciki, kai ne na biyu." Dattijon nan ya cire rawani, ya durƙusa, ya shiga da rarrafe, mutanen da suka biyo shi suna kallo ba mai iya dariya. Ta miƙa masa farantin ta ce ya riƙe a saman ƙirjin mai masaukinsa, ya karɓa ya riƙe.

A ƙarƙashin dutse ta hura wuta da busasshen itacen da ta ɓoye tun safe. Idon ruwa ya dame da laka, don haka butar da ta tara ɗigon ita ta ɗora. Ta sa ganye da na'a-na'a, ta fasa curin sukarin da Addi ya kawo, ta zuba kofi biyu ta zura ta ƙofa. Amgar ya ajiye farantin, ya ɗaga kan Bassu ya ba shi nasa tukuna, sannan ya kurɓi nasa. Ya ɓata fuska.

"Tuda, shayin nan warin akuya yake."

"Ta cikin tantin uwata ya biyo, ranka ya daɗe."

Ya shanye tas. Ya fito da baya-baya, ya miƙe, ya naɗa rawani, ya ce da jama'a ya sami Bassu a gidansa ya sha shayinsa. Bai rufe baki ba Tuda ta fizge alkyabbar daga kafaɗar Addi ta shimfiɗa a kan tantin da hannunta, ta ce masa ya kawo garwashi da busasshen bargo, gobe kuma tumakinsa su sauko su sha, amma bayan awakinta.

Da ta koma ciki Bassu bai saki sandar ba. Sai da ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "An gama, mai alfadara, saki, an gama." Rabin bakinsa mai motsi yana dariya. Inda ya riƙe, gaɓar sandar ta lanƙwashe.

Ya yi zazzaɓi kwana huɗu ya tashi. Wata biyu da rabi ya yi a bakin idon ruwa, kullum a ƙofar tanti yana kallon awaki, Tuda ta toshe ramukan da kakin zuma ɗaya bayan ɗaya ba ta cire fallen ba. Bayan an sauko da kaka, kafin dusar farko, Allah ya karɓi abinsa.

Bana Yidir ne ya zo daga Agadir ya zauna wa Amgar a cikin tantin, shekara bakwai rabonsa da Tamda. Kafin su hau, shi da Tuda sun biya ta shagon Zayid sayen igiya, Zayid ya ga sandar ya ce yana da sabuwar gaɓa daidai ita, kyauta, yanzu zai canja, don da lanƙwasasshiyar nan tantin ba zai taɓa tsayawa daidai ba. Ya miƙo hannu.

Tuda ta janye sandar ta mayar cikin jaka.

"Wa ya ce maka ina so ya tsaya daidai?"